Yadda za ka yi wa sunan kayanka rajista a Saudiyya

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu masu haɗa humra da turaren wuta ko sayar da abinci a Makka, Jidda da Madina sun ɗauka cewa sijil tijari, wato rajistar kasuwanci da Ma'aikatar Kasuwanci ke bayarwa, ya isa ya kare sunan kayansu. Bai isa ba. Sunan da ke jikin kwalba da tambarinsa, rajistarsu daban ce, kuma tana hannun Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Saudiyya, SAIP. Rajistar da ka yi a Najeriya ko Nijar ma ba ta aiki a nan.

Fara da bincike a shafin hukumar, ko wani ya riga ka. Kada ka tsaya ga rubutu iri ɗaya kawai, domin sunan da ya yi kama da na wani a furuci ko a zane, shi ma ana ƙin sa. Haka kuma ba a karɓar tutar ƙasa, alamomin addini zalla, ko sunan da bayanin kaya ne kawai, kamar "Turare Mai Ƙamshi". Idan sunan na Hausa ne, za a nemi ma'anarsa da yadda ake furta shi da Larabci.

Inda aka fi yin asara shi ne zaɓen aji. An kasa kaya da ayyuka gida 45: daga 1 zuwa 34 kaya ne, daga 35 zuwa 45 ayyuka. Turare yana aji na 3, tufafi na 25, kayan yaji na 30, gidan abinci na 43. Kowane aji da takardarsa da kuɗinsa. Mai gidan abincin da ya yi rajista a 43 kaɗai, sannan ya fara ƙulla yajin tsire a roba da sunan, ya bar wannan yajin a fili. Wani na iya zuwa ya kama sunan a aji na 30.

Ta intanet ake shigar da buƙata. Wanda ba ya zaune a ƙasar sai ya bi ta wakili mai lasisi, da takardar wakilci. Don Allah ka duba sunan wa aka rubuta a matsayin mai alamar. Idan na abokin kasuwanci ne ko na kafili (wanda ya tsaya maka a zamanka na Saudiyya), to a idon doka tasa ce, ko da kai ka raɗa sunan.

In hukuma ta amince, sai ka biya a wallafa alamar, a jira kwana 60 ko akwai mai ƙorafi. In babu, ka biya kuɗin rajista a ba ka shaida. Jinkirin biya yana sa a ɗauka ka janye.

Kariyar ta shekara 10 ce da lissafin Hijira, wato kusan shekara 9 da wata 8 na Miladiyya, kuma daga ranar shigar da buƙata ake ƙirgawa. Ana sabuntawa a shekarar ƙarshe, akwai kuma ƙarin wata 6 da tara. Alamar da aka bar ta shekara 5 a jere ba a aiki da ita, ana iya neman a soke ta, saboda haka ka riƙa adana rasitai da hotunan kayan ɗauke da sunan.