Idan Inji Ya Fizge Fatar Kai: Abin Yi Kafin a Kai Ga Ɗakin Tiyata

Mutum yana zuwa duniya da dukkan tushen gashin da zai mallaka har ƙarshen rayuwarsa. A fatar kai kaɗai akwai kimanin 100,000, kuma tun yana ciki aka gama halittarsu. Gashi ya zube, wani ya tsiro daga wannan tushen. Amma in tushen kansa ya mutu, wurin ya zama tabo mai sheƙi, to shi ke nan. Shi ya sa raunin fatar kai yake tayar mini da hankali fiye da yadda mutane suke zato, musamman mafi muninsa: dogon gashi ya shiga bel ɗin inji ko wani ƙarfe mai juyawa, injin ya naɗe shi, ya ɗaye fatar daga ƙoƙon kai.

Fatar kai hawa biyar ce. Uku na sama a manne suke da juna, kuma a cikinsu tushen gashi da jijiyoyin jini suke. Na huɗu sako-sako ne, shi ne yake sa kake iya motsa fatar kanka da hannu, kuma ta nan take ɗayewa idan aka fizge ta. Ma'ana, fatar da ta fita takan fita ne da tushen gashinta da jijiyoyinta a raye. Ba shara ba ce. Ita ce magani mafi kyau da za a iya ba wa mai raunin, in har ta isa hannun likita da rai.

In hakan ya faru a gabanka, fara da kashe injin daga makunninsa, kada ka ja mutumin yana juyawa. Sannan ka kwantar da shi, ka hana wuyansa motsi, domin ƙarfin da ya iya ɗaye fata yana iya taɓa ƙashin wuya. Wani ya kira motar asibiti nan take, kai kuma ka fuskanci jinin.

Jinin zai ba ka tsoro, kuma ya cancanci a ji tsoronsa. Jijiyoyin fatar kai a ɗaure suke cikin nama mai tauri, ba sa tsukewa su rufe bakinsu kamar na wasu sassan jiki, don haka mutum yana iya zubar da jinin da zai kai shi ga suma ko mutuwa daga wannan raunin kaɗai. Ka samu bandeji ko ƙyalle mafi tsabta da ke kusa, ka shimfiɗa a wurin, ka danna da tafin hannu, ka riƙe. Kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. In ya jiƙe sharkaf, ka ƙara wani a kansa, kada ka cire na farko. In ka ji ƙashin ya lotsa ko yana motsi a ƙarƙashin hannunka, ka mayar da dannawar gefen raunin. Kada a zuba hoda, ko mai, ko ganye, ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai zafi. Kuma kada wani ya ce zai kama bakin jijiya da ƙarfe ko ya ɗaure ta da zare, domin wannan bakin jijiyar shi ne likita zai ɗinka anjima, in aka murƙushe shi an rage masa abin aiki.

Yanzu fatar da ta fita, wadda ita ce mutane suke mantawa cikin ruɗewa. Na fi jin ciwon wannan fiye da komai: a iso da mai rauni asibiti a kan lokaci, a tambayi ina fatar, a ce tana can naɗe a jikin inji. A tura mutum ɗaya musamman ya ɗauko ta. In ta sarƙe, a yanke gashin da ya naɗe a ƙarfen, kada a yanki fatar kuma kada a fizge ta. Kada a goge ta, kada a wanke ta da sabulu, kada a aske ta. Likitoci za su yi wannan a ɗakin tiyata. A naɗe ta a bandeji mai ɗan danshi, in akwai ruwan gishirin asibiti ya fi, in babu a yi da ruwa mai tsabta, a matse shi kada ya zama yana ɗiga. A sa a leda a ɗaure bakinta tam. Ledar nan ce za a sa cikin ruwa mai ƙanƙara. Fatar ba ta taɓa ƙanƙara kai tsaye, ba ta shiga firiza, ba a tsoma ta tsirara cikin ruwa. Sanyi ake so ya rage wa ƙwayoyin halittarta bukatar iska, daskarewa kuwa fasa su take yi. In fatar ba ta rabu gaba ɗaya ba, tana rataye da ɗan siririn nama, kada a ƙarasa yanke ta ko kaɗan. A mayar da ita mazauninta a hankali ba tare da ta murɗe ba, a rufe, domin ta wannan siririn jini yana iya ci gaba da shiga.

Ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya faru. Kada a ba shi abinci ko ruwa, saboda za a sa shi barci don tiyata. A lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi.

A asibiti, ceton rai ne gaba: numfashi, ƙarin jini, hoton kai da wuya, rigakafin tetanas. Amma tun a nan ka buɗe baki ka tambaya ko suna da likitan da ke ɗinka ƙananan jijiyoyi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, in babu, ina za a tura shi. Wannan aiki ba sabo ba ne. A 1976 likitoci uku a Ostireliya, Miller da Anstee da Snell, suka ba da rahoton nasarar mayar da fatar kan da ta ɗaye ta hanyar haɗa jijiyoyinta. Babbar jijiyar da aka fi dogara da ita ita ce wadda take hawa ta gaban kunne, wadda kake jin bugunta in ka sa yatsa. Jijiyoyin fatar kai suna da mahaɗa da yawa a tsakaninsu, har guda ɗaya da aka haɗa da kyau tana iya ciyar da fatar duka. Fata kuma ta fi tsoka jure rashin jini, don haka ko an yi sa'o'i a hanya, in an ajiye ta a sanyi, kada ka yanke ƙauna da kanka. Bar wa likita ya duba.

In fatar ta kama, gashi yakan dawo. Yana iya zubewa da farko saboda wahalar da tushen ya sha, sannan ya tsiro, kusan santimita ɗaya a wata.

In ba ta kamu ba, ko ba a zo da ita ba, za a rufe wurin da fatar da aka yanko daga cinya ko wani sashe, kuma wannan ba ta fitar da gashin kai. Daga baya ana iya cusa wata ’yar jaka a ƙarƙashin sauran fatar mai gashi, a riƙa cika ta da ruwa makonni har fatar ta miƙe, a ja ta a rufe tabon. Ko a yi dashen gashi, wanda likitan Japan Shoji Okuda ya bayyana tun 1939 don masu tabo. Duk hanyoyin biyu raba abin da ya rage ne, ba a ƙara ko tushe ɗaya ba.

Masu bincike suna neman yadda za a ƙara, kuma ina bin aikinsu da zumuɗi. A 1990 George Cotsarelis da abokan aikinsa suka nuna inda ƙwayoyin halitta na asali suke ɓuya a jikin tushen gashi. Waɗannan ƙwayoyin ne suke sabunta gashi, su ne kuma suke fitowa su taimaka wajen rufe rauni, shi ya sa ƙunar da ba ta yi zurfi ba take warkewa da kanta. A 2007 Mayumi Ito, a ɗakin binciken Cotsarelis a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ta nuna cewa babban rauni a bayan ɓera yana iya fitar da sababbin tushe a tsakiyarsa, gashin da ya fito kuwa fari ne. A 2012 tawagar Takashi Tsuji a Japan ta harhaɗa tushen gashi daga ƙwayoyin halitta, ta dasa wa ɓeraye, ya tsiro. A 2020 Jiyoon Lee da Karl Koehler suka reni fatar ɗan Adam mai gashi a ɗakin gwaji cikin wata huɗu zuwa biyar.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama maganin da likitan gaggawa zai ɗauko ya ba mai rauni yau. Wanda ya ce maka yana da man shafawa ko allurar da ke tsirar da gashi a kan tabo mai zurfi, ka riƙe kuɗinka, ka kai tabon wurin likitan gyaran fata ya auna abin da zai yiwu.

Mai aiki kusa da inji kuwa, ya tufke gashinsa ya rufe shi da hula mai kama kai, kada ya bar wani ƙyalle yana reto a wuyansa, kuma a mayar wa bel murfinsa kafin a kunna.