Yadda ake gane ko tsohon anini ko kwabon da ke hannunka yana da daraja

Daina karɓar tsaba a kasuwa ba ya mai da ita dukiya. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya fitar da sababbin kwandaloli na kwabo 50 da naira 1 da naira 2 a 2007, ƙananan tsabobi daga rabin kwabo zuwa kwabo 25 suka fita daga aiki, amma an buga su da yawa ƙwarai, har yau suna jibge a gwangwanaye da ƙasan adaka. Masu tara tsofaffin kuɗi abu uku suke biya wa: ƙarancin tsabar, lafiyar jikinta, da yawan masu nemanta.

Da farko ka ware su bisa zamani. Masu rubutun British West Africa na zamanin Turawa ne, su ne anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo masu huji da tauraro mai tsini shida, sai taro da sisi da sule da dala (sule biyu). Na 1959 na Tarayyar Najeriya ne. Na naira da kwabo sun fara daga 1973: rabin kwabo mai auduga, kwabo ɗaya mai rijiyar mai, kwabo 25 mai dalar gyaɗa. Waɗannan na ƙarshe, idan sun sha hannu, sai dai a sayar da su a dunƙule a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Sannan ka gwada ƙarfen. Kusanto da maganaɗisu: tsabobin naira da kwabo na 1991 ƙarfe ne aka yi wa rufi, za su manne, na 1973 ba za su manne ba. Inda ake samun alheri shi ne taro da sisi da sule da dala na 1913 zuwa 1919, domin azurfa ce kashi 925 cikin 1000. Sulen yana da nauyin kusan giram 5.6, dala kusan 11.3, saboda haka ko ta goge tana da kuɗin azurfarta. A 1920 aka rage azurfar zuwa rabi, daga nan aka koma farar tagulla mai ruwan ɗorawa. 

Yanzu ɗauki gilashin ƙara girma mai ninki 10 ka karanta shekara da ɗan harafin gidan bugawa. H na kamfanin Heaton ne a Birmingham, KN na King's Norton, SA na Pretoria. Wadda ba ta da harafi yawanci daga gidan buga kuɗi na Landan take. Tsaba biyu masu shekara ɗaya na iya bambanta nesa ba kusa ba saboda wannan harafin kawai. A nan mutane suke ruɗuwa da kwabon 1936 mai sunan Sarkin Ingila Edward VIII. Gaskiya ne bai cika shekara a kan gadon sarauta ba, amma an buga tsabar da miliyoyi, ba ta da wuyar samu. Wanda ya fi jan hankali shi ne kwabo mai shekarar 1956 ɗauke da sunan Sarki George VI, alhali ya rasu tun 1952: kuskuren haɗa hatimi ne. Haka aninin alminiyam na 1907, wanda aka daina bugawa a 1908 saboda yana saurin cinyewa. Samunsa da jiki lafiya ba ƙaramin abu ba ne.

Kada ka wanke. Lemun tsami, toka, omo, man goge tagulla, duk suna kankare fatar tsabar su bar ƙananan zane-zane, kuma mai saye yana gani zai karya farashi. Duhun da shekaru suka sa mata ado ne a wurinsa. Idan ƙasa ce ta manne, jiƙa ta a tataccen ruwa kwana ɗaya, ka ɗora a kan tsumma mai laushi ta bushe, ban da gogawa. Riƙe ta ta gefe, domin gumin yatsa yana barin tabo. Kowace ka sa ta a ƙaramar ambulan ta takarda ita kaɗai, ka rubuta shekara da harafi a baya. Leda mai laushi tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin tagulla, musamman da damina.

Wajen farashi, nemi tsabar a Numista, kundin tsabobi na intanet, ka ga adadin da aka buga, sannan ka duba kasuwar intanet ta eBay a ɓangaren abin da aka riga aka sayar. Kuɗin da mai talla ya yanka ba hujja ba ne, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Kamfanoni irin NGC da PCGS suna auna lafiyar tsaba daga 1 zuwa 70, sai dai ladan aikinsu da kuɗin aikawa sukan fi ƙarfin anini na gama-gari, don haka sai tsabar da ka tabbatar tana da wuya.

Duk wanda ya ce maka wani Bature yana neman kwabo mai huji a kan miliyoyi, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji ko na sinadari, ɗan damfara ne. Dillalin gaskiya yakan nemi hoton gaba da baya da nauyin tsabar, sa'an nan ya taya.