Yadda Ake Kallon Gasar Foka a Talabijin a Gane Abin da ke Gudana

Kafin 1999 kallon wasan kartar foka a talabijin ba shi da daɗi, domin kowane ɗan wasa yana ɓoye katinsa, mai kallo kuwa sai fuskokin mutane. Tashar Channel 4 ta Birtaniya ce ta sauya lamarin da shirin Late Night Poker, inda aka sa gilashi a tebur, kyamara na ɗaukar katunan daga ƙasa. A 2003 gasar World Poker Tour ta fara fita a Amurka da ƙananan kyamarori a bakin tebur. A shekarar ne kuma Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee, ya samo gurbin babbar gasar duniya ta Las Vegas a shafin intanet na PokerStars da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya lashe dala miliyan 2.5. Mutum 839 suka shiga gasar a 2003. Zuwa 2006 sun kai 8,773, kowa da kuɗin shiga dala 10,000.

Wasan da aka fi nunawa shi ne Texas Hold'em. Kati 52 ne, iri huɗu, biyu ja biyu baƙi, kuma A ya fi K, K ya fi Q, Q ya fi J, haka har zuwa 2. Ana raba wa kowa kati biyu a kife. Kafin rabon, mutum biyun da ke hagun mai alamar raba kati suna zuba kuɗin dole, ƙarami da babba, babban yawanci ninkin ƙaramin. Sannan a buɗe kati biyar a tsakiyar tebur, mallakar kowa: uku a lokaci guda, sai na huɗu, sai na biyar. Za ka ji masu sharhi na ce musu flop, turn da river. Zagayen zubi huɗu ne, ɗaya kafin buɗin farko, ɗaya bayan kowane buɗi. In aka zo kan mutum, ko dai ya yar da katinsa, ko ya biya daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara, ko kuma ya wuce in ba wanda ya zuba komai. Mai nasara shi ne wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai, ko wanda kowa ya gudu ya bar masa tulin abin da aka zuba.

Ka haddace jerin ƙarfin hannu, wato katunan da mutum ya haɗa, daga ƙasa: babban kati shi kaɗai, biyu masu lamba ɗaya, irin wannan tagwayen har kashi biyu, uku masu lamba ɗaya, biyar a jere, biyar iri ɗaya, uku da biyu a haɗe, huɗu masu lamba ɗaya, sai biyar a jere kuma iri ɗaya. Sababbin masu kallo sun fi rikicewa tsakanin jere da iri ɗaya. Iri ɗaya ya fi.

Abu na farko da za ka duba a allo ba katunan ba ne, yawan tsabar robar da ke gaban kowa ne. A gasa wannan tsabar ba kuɗi ba ce, mai miliyan biyar a gabansa ba dala miliyan biyar gare shi ba. Ka raba tulinsa da babban kuɗin dole na lokacin. In ya fito 100, yana da sarari. In ya fito 10 ko ƙasa, ka sa ran zai tura duk abin da ya mallaka nan ba da jimawa ba, domin kuɗin dolen ƙaruwa yake yi lokaci zuwa lokaci, jira kuma cinye shi zai yi. Sai ka duba wurin zama. Wanda ke magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi, shi ya sa gwanaye ke shiga da kati mai rauni daga can, su yar da wanda ya fi shi in su ne a farko.

Kason da ake rubutawa kusa da sunan ɗan wasa damar nasararsa ce in aka buɗe sauran katunan. Katin A guda biyu a gaban K biyu suna cin wajen kashi 82 cikin ɗari. Wato ko wannan hannun, da ke zuwa sau ɗaya cikin rabo 221, yana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar. Kai ma za ka iya lissafin. Ƙirga katunan da za su cece shi, ka ninka da huɗu in saura kati biyu a buɗe, ko da biyu in saura ɗaya. Mai huɗu iri ɗaya yana jiran ɗaya daga kati 9 da suka rage: wajen kashi 36 bayan buɗin farko, wajen 18 bayan na huɗu. To a ce tulin tsakiya 100,000 ne, saura kati ɗaya, abokin karawa ya zuba 50,000. Mai jiran zai biya 50,000 don neman tulin da zai zama 200,000, wato yana bukatar damar kashi 25. Kashi 18 ɗinsa bai kai ba. In ya biya ya ci, sa'a ce ta taimake shi, ko da mai sharhi ya yi ta kururuwa.

Babban kuskuren mai kallo shi ne mantawa cewa 'yan wasan ba sa ganin abin da yake gani. Kana ganin wane ba shi da komai sai barazana, sai ka ce wanda ya gudu wawa ne. Ka sa takarda ka rufe katin mutum ɗaya a allon, ka yi hukunci da zubinsa kawai, za ka ga wuyar abin. Shirin da aka tace ma ya fi ruɗarwa, domin wasan yini guda ake matsewa cikin awa ɗaya, a zubar da ɗaruruwan hannuwan da aka yar tun kafin buɗin farko. Mai son ganin ainihin wasan ya nemi wanda ake watsawa kai tsaye. Shi ma ana jinkirta shi, galibi da rabin awa, don kada wani ya tsegunta wa ɗan wasa katin abokinsa. Katunan yanzu suna ɗauke da 'yar na'urar da tebur ke karantawa.

Tallan shafukan intanet da ke kewaye da shirin yana so ka tashi daga kallo ka koma zubi. Wannan caca ce, hukuncinta a Musulunci a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma lissafinta ma bai goyi bayan sabon shiga ba. Shafi na yankar kamasho, galibi wajen kashi 5, daga tulin wasan kuɗi, wasa kuma yana gudu fiye da ninki biyu na teburin zahiri, ga gwanaye da ke buɗe tebur da yawa lokaci guda suna jiran baƙo. A babbar gasar Las Vegas wajen kashi 15 na mahalarta kawai ke samun wani abu. Kuɗin da aka ajiye a shafi ma ba lallai yana nan ba. A ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker, daga baya masu gabatar da ƙara suka ce 'yan wasa na bin Full Tilt kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba.