Yadda Ake Bin Diddigin Shahararriyar Magana Har Zuwa Ranar Da Aka Faɗe Ta

Kusan kullum sai wani ya turo mana hoton wani babban mutum a WhatsApp, da 'yan kalmomi masu ratsa zuciya a ƙarƙashinsa. Mu karanta, mu jinjina, mu tura gaba. Mu da muka tashi muna jin malamai na tambayar wa ya ruwaito, daga wa ya ji, bai kamata a ce maganar mutanen tarihi kuwa muna haɗiye ta ba tauna ba. Bin diddigin ba shi da wuya, kuma wayar da ke hannunka ta isa.

Abu na farko, tambayi maganar ranarta da wurinta. Wadda aka faɗa da gaske tana da rana, tana da gari, tana da mutanen da suka ji ta. In ka ga suna kawai ba shekara, ka dakata. Akwai wata da ta zagaye duniya da sunan Nelson Mandela, wadda ke cewa babban tsoronmu ba kasawarmu ba ce, ƙarfin da muke da shi ne. Ana cewa a jawabin rantsar da shi na 1994 ya faɗe ta. Jawabin yana nan a rubuce, muryarsa ma tana nan, kuma maganar ba ta ciki. Wata marubuciya Ba'amurkiya ce, Marianne Williamson, ta rubuta ta a littafinta na 1992.

Sai ka gwada shekarun mai maganar da shekarun maganar. Wannan lissafi ne na 'yan firamare, amma yana kama ƙarya da yawa. An daɗe ana cewa Marie Antoinette, sarauniyar Faransa, da aka gaya mata talakawa ba su da burodi sai ta ce to su ci kek. Labarin ya fito ne a rubutun marubuci Jean-Jacques Rousseau na wajen 1765, shi kuma bai ambaci suna ba, ya ce wata babbar gimbiya ce kawai. An haifi Marie Antoinette a 1755, ba ta zo Faransa ba sai 1770. Ke nan yarinya ce 'yar shekara tara ko goma a Austiriya lokacin da aka rubuta maganar.

Mataki na uku shi ne neman rubutu mafi tsufa da maganar ta fito a ciki. Ɗauki kalmomi biyar ko shida daga tsakiyarta, a harshen da ake zaton an faɗe ta, ka sa su cikin alamar zance a Google, sannan ka maimaita a Google Books ka duba shekarun littattafan. Shafin Wikiquote yana ware maganganun da aka jingina wa mutum bisa kuskure, ka leƙa can ma. In na magabatanmu ne na nan gida, Arewa House da ɗakin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna suna da tsofaffin jaridu da jawabai. A nan za ka gano cewa wata maganar ta girmi wanda ake ba ta. Ga wadda ake yawan jingina wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Malaman Musulunci sun rubuta ta ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi a 1754, tana cikin nasihar da Imam Gazali ya yi wa sarakuna. Hakan bai rage wa Shehu komai ba, shi da kansa bai taɓa ɓoye littattafan da yake cirowa daga gare su ba.

In maganar ta tsallake waɗannan, sai aikin da na fi so: ka karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, ka kuma nemi sanin halin da ake ciki a ranar. Nan ne ribar take.

Dubi ta Janar Murtala Ramat Muhammad, cewa Afirka ta kawo ƙarfi, ta daina zama a ƙarƙashin ikon wata ƙasa daga wajen nahiyar. Da yawa sun haddace ta, kaɗan ne za su gaya maka a kan me aka yi ta. A kan Angola ne. Ƙasar ta samu 'yanci daga Fotugal ranar 11 ga Nuwamba 1975 tana cikin yaƙin basasa, sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun riga sun kutsa cikinta. Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA, ɗaya daga cikin ɓangarorin da ke faɗa a yaƙin. Shugaban Amurka Gerald Ford ya aika wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu matsayin da yake so su ɗauka, gwamnatin Murtala kuwa ta fitar da wasiƙar fili kowa ya gani. Da wannan zafin ya miƙe a taron gaggawa na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa ranar 11 ga Janairu 1976. Kuma kada ka ɗauka zauren duk ya bi shi: an tashi ƙasashe 22 suna goyon bayan amincewa da gwamnatin MPLA, 22 ba sa goyon baya. Yana da shekara 37. Kwana 33 bayan jawabin aka harbe shi a Legas, ranar 13 ga Fabrairu. Wanda ya san wannan ba zai sake karanta maganar kamar taken kalanda ba.

Haka ta Mandela ta gaskiya, wadda ya faɗa ranar 20 ga Afrilu 1964 a kotun Pretoria, a shari'ar Rivonia, inda aka tuhume shi da abokan gwagwarmayarsa da yi wa gwamnatin wariyar launin fata zagon ƙasa. Ya yi sa'o'i yana magana a tsaye, yana sane da cewa alƙali na iya yanke masa hukuncin rataya. Ya rufe da cewa ya yaƙi mulkin danniya na farare, ya yaƙi mulkin danniya na baƙaƙe, burinsa ƙasar da kowa zai zauna daidai, yana fatan ya rayu ya gan ta, amma in ta kama a shirye yake ya mutu dominta. Lauyoyinsa sun tsorata da jimlar ƙarshen, suna ganin kamar gayyatar igiya ce. Ya ƙi cire ta, sai dai ya yarda a ƙara 'yan kalmomin nan na "in ta kama". Ranar 12 ga Yuni aka yanke musu ɗaurin rai da rai. Wasu masu yaɗa ta sukan yanke rabin da ke maganar mulkin danniya na baƙaƙe, alhali shi ne ke nuna irin mutumin da ke tsaye a wurin.

Wannan ya kawo mu ga fassara. In za ka mayar da magana Hausa, ka yi daga asalinta, ba daga fassarar wani ba, don duk hannun da ta bi sai ya rage ko ya ƙara. Kada ka yi mata ado da karin magana wanda mai ita bai faɗa ba. In ma'ana ka kawo ba lafazi ba, cire alamar zance, ka ce "ya nuna cewa".

Sannan in ka tashi turawa, haɗa ta da kayanta: sunan mai ita, rana, gari, da layi ɗaya ko biyu kan abin da ya jawo ta. In ka yi iya neman ka ba ka samo asalinta ba, rubuta "ana jingina ta ga wane". In kuma ka tarar ta wani ce, ka koma zauren da aka turo ta ka gyara cikin ladabi, tare da sunan mai ita na gaskiya da shekarar da ya rubuta ta.