Gidan dila ko garejin unguwa, ina za ka kai babbar motarka sabis in kana Sakkwato?

Duk ran da wani ya sayo babbar mota garin nan, Marsandi ce ko BMW ko Lexus ko Range Rover, kafin a gama yi mai Allah sa alheri an rabu gida biyu. Wasu su ce Alhaji kar ka bari kowa ya taɓa ma motar nan sai dila, wasu su ce haba wane dila, ga wane nan bayan gidan mai ba abin da bai iya ba. Ni shekara shida ke nan ina jan Marsandi ML350 'yar 2012, na sha wuya a hannun kowane ɓangare, kuma abin da na gano shi ne aikin ake rabawa, wani na dila ne wani na bakanike, wanda duk ya ce ma wuri guda za ka riƙe ga komai bai daɗe da mota ba.

Fara da tambayar kanka ta ina motar ta shigo hannunka. In sabuwa ce dal cikin leda ka saya wajen dila nan Najeriya to tana da waranti, kuma warantin nan yana da sharaɗi, buɗe ɗan littafin da anka ba ka ka karanta, galibi za ka taras an ce sai a yi sabis wurin da sunka amince da shi kuma kan lokaci. In ka kai ta garejin unguwa don ka rage 'yan kuɗɗi, gobe giya ta samu matsala, sai su ce ba ruwansu, kuma da gaskiyarsu. Wannan ba sai an ja magana ba, kai ta dila har warantin ya ƙare.

Amma mu faɗi gaskiya, mafi yawan manyan motocin da ke yawo tsakanin Gawon Nama da Mabera Beljiyam ne, an sayo su gwanjo Amurka a Copart ko IAA, sun biyo ta Kwatano ko Legas. Warantin Marsandi da BMW da Lexus a Amurka shekara 4 ne ko mil 50,000, wanda ya riga cika, to motar da ta shekara takwas tana yawo a Texas wane waranti ya rage mata? Babu. Duba lambar shasi, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, haruffa da lambobi 17 ne. In ta fara da 4JG Marsandi ce da anka haɗa a Alabama, 5UX BMW ce ta South Carolina, 2T2 Lexus RX ce ta Kanada. Rubuta lambar nan cikin wayarka, da ita za ka riƙa sayen kaya, don ML350 guda biyu masu kama ɗaya sak kan iya bambanta a birki ko a na'ura.

Su dilolin fa suna ina? Weststar ke riƙe da Marsandi a Najeriya, Coscharis na da BMW da Jaguar da Land Rover, Toyota kuma akwai irin su Elizade, kuma manyan wuraren aikinsu Legas da Abuja suke. Daga nan zuwa Abuja ya haura kilomita 600, Kano ma ya haura 500, sai ka bi Tureta, Talata Mafara, Gusau, Funtuwa, hanyar da kowa ya san ba a binta da dare. Lissafa man zuwa da dawowa a injin V6 ko V8, da kwana biyu ko uku a otal, da abincin direba, da kasuwarka da ka bari, duk don a juye baƙin mai da filta? Ai wannan ɓarnar dukiya ce.

Akwai dai aikin da ko da nisan sai ka tafi. Makulli shi ne na farko. Marsandin wajajen 2015 zuwa sama tsarin makullinta a kulle yake, sai an haɗa da kwamfutar kamfani ta intanet, in ka ɓatar da guda ɗayan da anka ba ka motarka ta zama kujera, saboda haka tun kana da ɗaya a hannu ka je a yi ma na biyu. Sai sabunta manhajar birenbos, wato kwamfutar motar, ko sa sabo, sai kuma gyaran da kamfani da kansa ya yi kira a kawo. Misali jakar iskar nan mai kare mutum in an yi hatsari, ta kamfanin Takata, wadda ta shafi miliyoyin motoci har da Toyota da Lexus da BMW da Marsandi, zafi da laima ke lalata sinadarin cikinta ta fashe da ɓarɓashin ƙarfe a fuskar mutum. In motarka 'yar Amurka ce shiga shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ka sa lambar shasin nan, kyauta ne, zai nuna ma in akwai kiran da ba a yi ba, sannan ka buga ma dila waya ka ji ko za su yi kafin ka kama hanya.

Sauran aiki, baƙin mai, filta, fulogi, birki, kayan ƙafa, esi, batir, duk ana iya yi nan gida in ka dace da mutum. Wurin dacewar ne aiki. Kar taron motoci bakin gareji ya ruɗe ka, duba wace iri ce ta fi yawa. Wanda ya cika wurinsa da Corolla da Golf ƙila gwani ne, amma gwanin Corolla ne. Ka je ran da motarka ba ta da ciwo, ka zauna kan benci ku gaisa ka ga yadda yake aiki, ka tambaye shi wace kwamfuta yake sawa. Ta Marsandi sunanta XENTRY, tsofaffin hannu Star suke ce mata, ta BMW ISTA, ta Toyota da Lexus Techstream. In ba shi da waɗannan amma yana da Launch ko Autel mai kyau kuma ya iya karatunta, ba laifi, za ta yi yawancin aiki. Wanda za ka guje ma shi ne mai ɗan abin nan kamar akwatin ashana, ya soka ya goge wutar da ta kama a dashbod ya ce Alhaji an gyara. Ka ce ya nuna ma lambar matsalar ka ɗauki hotonta kafin ya goge.

Ga wata tambaya da nake gwada masu BMW da ita, in an canza batir me ake yi bayan nan? In ya ce a ɗaure kai a tayar, ka yi mai sallama cikin mutunci. Sai an yi ma sabon batir rajista a kwamfuta, in ba haka ba motar za ta ci gaba da caja shi kamar tsohon nan ne, ta kashe shi da wuri, kai kuma ka koma kana faɗa da mai shago ka ce jabu ya ba ka.

Ni nawa darasin a man giya na same shi. Na kai motar wani gareji da ba zan kira suna ba, ina zaune ina shan shayi sai na hangi yaro ya fito da galan na jan mai zai ɗura, ga wanda anka juye cikin roba a ƙasa yana da shuɗi-shuɗi. Na ce oga tsaya, mi ne ne wanga? Ya ce ranka shi daɗe ai man giya duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Giyar Marsandi mai hawa bakwai, wadda anka yi kafin tsakiyar 2010 jan mai take sha, lambarsa 236.14, ta bayan nan shuɗi, 236.15, kuma ba a haɗa su. Giyar ma ba ta da sandar awo, ta ƙasa ake tura man da famfo, a auna shi yana kan digiri 45. Wani abokina ya ce ai a watan Afirilu nan Sakkwato ko ba ka tayar da inji ba man ya kusa kai wa can. Da na je sallar la'asar a lokacin nan da yanzu wani labarin ake.

Tun daga ranar ni ke sayen mai da kaya da kaina, bakanike kuɗin hannunsa kawai nake biya. Juya bayan galan ka nemi lambar amincewa, a baƙin mai MB 229.5 ga Marsandi mai fetur, Longlife-01 ga BMW, giyar yawancin Lexus da Toyota kuma WS, duk da haka ka duba littafin motarka. 20W-50 da ake zuba ma tasi ba na waɗannan injina ba ne. Ka sayi mai a babban gidan mai ko wurin wakilin kamfanin, ka duba murfin bai taɓa buɗuwa ba, don jabu ya cika kasuwa. Kaya kuwa ba dole sai mai tambarin tauraro a kwali ba, kamfanonin da ke yi ma su Marsandi da BMW kaya suna sayarwa da sunansu da rangwame, Mann da Mahle a filta, Bosch a fulogi da na'urori, Lemförder a kayan ƙafa, ATE da Textar a birki, Denso da Aisin ga Lexus. Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas ya yi ga fitila da madubi da ƙofa, amma birki da bel da famfon ruwa sabo za ka saya.

Sai maganar zafi da ƙura. A Amurka Marsandi sabis duk mil 10,000 ko shekara guda ta ce, kusan kilomita 16,000 ke nan, amma wancan lissafin ba a yi shi don garin da zafi ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu ba, ga hazon hunturu na shiga ko'ina, ga mota a tsaye da esi kunne ana jiran Hajiya ta fito kasuwa. Ni ba na wuce kilomita 6,000 zuwa 7,000, filtar iska kuma ina duba ta duk wata lokacin hunturu. Kuma don Allah kar ka yarda a cire ma tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi. Injin zai riƙa aiki a sanyaye, kwamfuta ta ƙara mai, shan fetur ya ƙaru, wutar gargaɗi ta kama a dashbod. In mota na zafi akwai dalili, ko lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji. Ruwan rijiya ma ba ya shiga lagireto, kulan ake sawa, wato ruwan sanyaya inji, irin wanda littafi ya ce.

Masu Lexus LX570 da Land Cruiser ku kun huta, masu iya su na da yawa nan gari, sai dai ku tuna shokazobar LX570 da mai take aiki kuma man nata daban ne, ba man birki ba ne ba na sitiyari ba. Masu Range Rover kuwa Allah ya ba ku haƙuri. In ta durƙusa gefe guda da safe, balon iska ne ke yoyo, in ka ƙyale shi sai kwamfireso ya ƙone don ba ya hutawa. Irin wannan aikin akwai hanya ta uku, gwanaye masu zaman kansu da ke Apo ta Abuja ko Kano, wasunsu gidan dila sunka koyi aiki. Sau da yawa ya fi sauƙi ka biya ma mutum kuɗin mota ya zo da kwamfutarsa da kayan ya yi aikin garejin bakanikenka, naka ma ya ƙaru da ilimi.

Ranar sabis in ba ka iya zama to ka bar direba ko ƙaninka wurin. Kwashe takardu da kuɗi daga mota, ɗauki hoton kilomita da na fetur, ka leƙa ƙasa ka ɗauki hoton tukunyar salansa da ake ce ma indomi, akwai ƙarfe mai tsada cikinta shi ya sa ake fafe ta a maida ma fanko, ba ka sani ba sai ƙara ta canza. Duk abin da anka cire ka ce a sa ma shi a but ko da ba ka da abin yi da shi. Sannan ka sayi ɗan littafi irin na 'yan makaranta ka aje cikin mota, kwanan wata, kilomita, irin man da anka zuba, wanda ya yi aikin, ka maƙala rasit a jiki. Ran da za ka sayar da motar, ko ran da dole ta kai ka gidan dila Abuja, littafin nan za ka miƙa.