Bod ɗinka ba jabu ba ne, kai ka kashe shi

Samarin da ke shigo mini warsha a nan Jidda da bod ɗinsu na lantarki (allon da ke ɗauke da furosesa) magana ɗaya ce a bakinsu: "Yaya, bod ɗin nan jabu aka sayar min." Na gaji da jinta wallahi. Yawanci kai ka kashe shi da hannunka tun kafin ka rubuta layi ɗaya na kod.

Wanda ya fi cin kuɗi shi ne ka kai wa ƙafar furosesa wuta alhali shi kansa bai samu tasa ba. Ni ma da aljihuna na koyi wannan. BeagleBone Black biyu na ƙona cikin sati ɗaya a aikin auna sanyin wani mustauda (ɗakin ajiyar kaya), sensa tana kan adafta daban, kuma kullum ita nake fara jonawa sannan bod, to ashe 3.3V ɗinta na shiga ta ƙafar sigina ta bi dayod ɗin kariya da ke cikin cif ta cika layin wuta ta baya, cif ɗin ba a kunne ba ba a kashe ba. Abin haushi, littafin bod ɗin ya rubuta ƙarara kar a sa wa kowace ƙafa wuta kafin SYS_RESETn, layin riset na bod ɗin, ya ɗaga. Ban karanta ba, ina sauri mai aiki na ta kira. Akwai cif mai raba wuta TPS65217 a kai da aikinsa kenan, ya jera wa furosesan, AM335x, wutocinsa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na shigo ta taga. Yanzu duk abin da zai yi magana da furosesa daga bod ɗin yake shan wuta, in ya yi nauyi na sa masa suwic da sai bod ya tashi yake buɗewa. Wayar USB ta siriyal kuwa ita nake jonawa ƙarshe, ita nake fara zarewa.

Sai riset. In bod ba ya tashi da ka jona wuta amma ka danna riset da yatsa ya tashi lafiya, don Allah ka daina zagin kod, an sake shi ne daga riset kafin wuta ta zauna. Ku da kuke zana bod ɗin ESP32 kuna barin ƙafar EN, wato ƙafar riset ɗinsa, haka nan babu rizisto 10k da kafasita 1µF, me kuke ajiyewa, halala (kwabon Saudiyya) nawa ne? Memori DDR3 ma doka gare ta: riset a ƙasa aƙalla 200µs bayan wuta ta daidaita, sannan a jira 500µs kafin a ɗaga CKE, ƙafar da ke kunna mata kulok. Mita ba za ta taɓa nuna maka wannan ba, sai osiloskof, layi ɗaya kan wuta ɗaya kan riset. Ni dai cif mai gadin riset nake sawa a duk aikin da zai zauna kusa da mukayyif (AC) ko firiji, saboda kwamfiresa na tashi wuta take ɗan nutsewa. Wasu na cewa ɓarna ce, su ba su taɓa komawa mustauda da azahar a watan Yuli ba.

Sauran abubuwan kiyayewa a taƙaice: GPIO12, wata ƙafa ta ESP32, in ya kwana a sama lokacin kunnawa, filash ɗin da ke ajiye kod zai samu 1.8V bod ya ƙi tashi. Raspberry Pi ba ya shan 5V a ƙafafunsa na sigina. Kafasita 100nF a manne da ƙafar cif ake sawa, ba can gefen bod ba. I2C, layin da sensa ke magana da furosesa, da doguwar waya, iyakar layin 400pF ce, ka sauko 100kHz kafin ka ce sensa ta mutu. Kuma in ka kashe bod ka ƙirga goma tukunna ka kunna, kafasitoci ba su gama zubarwa ba.