Kurakuran da aka fi yi a atisayen bos da dirayib na sikwash

Sikwash wasa ne da ake buga ƙwallo da raket a jikin bango, a cikin fili mai bango huɗu. Wannan atisayen na mutum biyu ne. Na baya yana buga bos, wato ƙwallo ta daki bangon gefe, ta isa bangon gaba, ta faɗi a ɗaya kusurwar ta gaba. Na gaba kuma ya mayar da ita da dirayib, ta bi jikin bango ta koma baya.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tsayuwa wuri ɗaya. Tunda kowa ya san inda ƙwallo za ta je, sai na baya ya buga ya zarce kusurwa yana jiranta, na gaba ma ya kafe kusa da bango. Hannu na aiki, ƙafa na barci. To, ranar wasa wa zai faɗa maka inda za ta bi? Duk bugun da ka yi, koma T, inda layukan tsakiyar fili suka haɗu, ka ɗan ɗaga dunduniya, ka waiwaya ka ga raket ɗin abokinka ya taɓa ƙwallo, sannan ka tashi. Za ka yi saurin gajiya, amma a nan ƙafa ke koyon hanyarta.

Sai dirayib. Samari masu jin ƙarfi sukan narka wa ƙwallo duka ƙasa-ƙasa, dab da tin, ƙarfen nan mai tsayin santimita 48 a gindin bangon gaba, sai ta ƙare a tsakiyar fili. Tsawon filin mita 9.75 ne, ƙarfi kaɗai ba ya kai ta ƙarshe. Auna layin sabis, wato layin da ke jikin bangon gaba mita 1.78 daga ƙasa, ko sama da shi kaɗan, ta sauka bayan akwatin sabis, wato murabba'in da aka zana a ƙasa jikin bangon gefe, tsallenta na biyu ya mutu a kusurwa. Idan tana yawan rabuwa da bango, duba kafaɗunka. Bangon gefe ya kamata su fuskanta, kuma kada ka matse ta har hannu ya rasa wurin miƙewa.

A bos, yawanci miƙewa tsaye ce ke jefa ta cikin tin. Durƙusa, ka ɗaga raket tun kafin ka isa, ka buɗe fuskarsa ka ɗebo ta daga ƙasa. Idan ka cika ƙarfi, tsakiya za ta fito, ka ba abokin karawa kyauta.

Yanayinmu ma yana da hannu. A zafin Maris da Afrilu na Birnin Kebbi, ƙwallo mai ɗigon rawaya biyu, wadda ƙwararru ke wasa da ita, tsalle take yi sosai, sai a rage ƙarfi a sauko da awo. Da safiyar hunturu kuwa lagwani take yi. Ku ɗumama ta da bugu kafin ku fara, sabon shiga kuma ya ɗauki mai ɗigo ɗaya ko mai jan ɗigo. Ku riƙa musayar wuri bayan kowane minti uku zuwa biyar, don kada ɗaya ya ƙware a gaba ya bar baya.